Wa Ya Kai Shi Tasha?

'Yan'uwa marubuta, mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu ɗauki alƙalami a kan wannan batu, domin irin maganar nan ce da ake yi ƙasa-ƙasa a ofishin malamai bayan an kaɗa ƙararrawar tashi. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in mujallar marubuta ba ta iya ɗaukar magana mai ɗaci ba, ba mu san inda za a kai ta ba.

Akwai wani yaro da ya ratsa ta hannunmu a wata makarantar sakandare a nan ƙasar Zuru. Ba za mu faɗi sunansa ba, balle na makarantar ko na unguwarsu. Shekara uku muna koyar da shi, ba a taɓa kawo ƙararsa a kan sata ko shaye-shaye ko faɗa ba. In aka ba da insha'i, nasa muke karanta wa aji don sauran su ga yadda ake jera magana. Aibinsa a idon jama'a shi ne muryarsa siririya ce, tafiyarsa da ɗan rangwaɗa, kuma ya fi sakewa a madafa wurin mahaifiyarsa fiye da filin ƙwallo. Tun yana ƙaramin aji aka laƙaba masa suna "ɗan daudu", mu kuwa malamai muna ji muna kawar da kai, wani lokaci ma har da murmushi.

Ya ci jarrabawar fita, ya samu gurbi a wata babbar makaranta. Bai gama shekarar farko ba tsegumi ya riga shi isowa gida. Ba wanda ya kawo shaida a kan komai, ba wanda ya ce ya gani da idonsa, sai "an ce". Baffansa da ke biyan kuɗin makaranta ya ce shi ba zai zuba dukiyarsa a rijiya ba, mahaifinsa kuma ya ce ya bar masa gida. Bayan kamar shekara biyu muka tsaya cin abinci a wata tashar mota a kan hanyarmu ta zuwa Kontagora, sai ga shi da zani ɗaure a ƙugu yana zuba wa fasinjoji shinkafa da miya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, sannu da hanya. A zuba maka?" Muka ci, ya ƙi karɓar kuɗi.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ke yi mana yawo a zuci: wa ya kai shi tasha? Mai saurin baki zai ce halinsa ne ya kai shi. Mu da muka riƙe rajistarsa mun san ƙarya ne. Halinsa aji ya kai shi, ya kuma zauna a sahun gaba. Mu ne muka fitar da shi daga ajin, da bakunanmu, da shirunmu, da aljihunmu da muka ɗaure.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne sanin waɗanda suka karɓe shi. 'Yan daudun tasha ne, mutanen da muke yi wa kallon tarkacen gari. Su suka ba shi wurin kwana, suka koya masa sana'a, suka yi jinyarsa da ya kwanta zazzaɓi. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a kan rayuwarsu a 2009 mai suna Allah Made Us. A ciki ya nuna yadda babba a cikinsu kan ɗauki ƙarami a matsayin ɗiya, ƙaramin kuma ya kira shi uwa, da yadda da yawansu ke da mata da 'ya'ya, suna ciyar da dangi da kuɗin sayar da abinci. Ashe su suna da tsarin reno da uwargijiya, mu masu difloma da digiri, masu ƙungiya da shugaba da ma'aji, ba mu da ko ɗaya. In wannan bai sa marubuci ya sunkuyar da kai ba, me zai sa?

Bari mu leƙa waje kaɗan, ko ma ga fuskarmu a madubin wasu. A Amurka akwai wata gidauniya mai zaman kanta da ake kira Point Foundation, wadda wasu mutum biyu, Bruce Lindstrom da Carl Strickland, suka kafa a 2001. Aikinta tallafa wa ɗaliban jami'a masu neman jinsi ɗaya da waɗanda suka sauya jinsi, waɗanda da yawansu iyaye kan janye musu hannu da zarar maganar ta fito. Tana biyan wani kaso na kuɗin karatu. Tana haɗa ɗalibi da wani babba da ya riga shi gogewa a fagen da yake karantawa, ya riƙa bin sawunsa da shawara. Tana kuma buƙatar ɗalibin ya yi wa al'umma wani aiki, don kada ya tashi da tunanin cewa duniya bashi take biyansa. Ke nan kuɗi, da uban gida, da ramuwar alheri, duwatsun murhu uku da tukunya ke zama a kansu.

Mun san tun kafin mu rufe baki wani ya miƙe yana cewa, "Ga su nan, 'yan koren Turawa, sun zo su shigo mana da baƙuwar ɗabi'a." To, Malam, zauna mu yi magana. Mun san dokar ƙasa kamar yadda ka sani. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya mara mata baya. Jihar Kabi kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000. Gidauniya irin waccan ba ta da wurin zama a nan, kuma ba ita muka zo kafawa ba. Abin da muke tambaya shi ne: wace doka ce, ta gwamnati ko ta addini, ta ce a cire yaro daga makaranta saboda muryarsa? A wane littafi aka rubuta cewa "an ce" ta isa hujjar korar ɗa daga gidan ubansa? Shari'ar da muke tinƙaho da ita ta tsananta a kan shaida har ta nemi mutum huɗu kafin a tabbatar da zargin alfasha, ta kuma tanadi bulala ga mai ƙazafi. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda muke zaune da su gida ɗaya a Zuru, su ma addininsu ya hana shaidar zur. Mun bar abin da addinan biyu suka yi umurni da shi ƙarara, mun kama hukuncin da ba wanda ya naɗa mu mu yanke.

Wani kuma zai ce taimaka wa irin wannan yaro ɗaure wa ɓarna gindi ne. Mu dai ba mu taɓa ganin inda yunwa ta gyara hali ba, ko inda jahilci ya shiryar da ɗa. Mai wannan magana ya ce yana tsoron yaron ya ƙare a tasha, sai ya rufe masa kowace ƙofa ya bar ta tashar kaɗai a buɗe, sannan ya dawo majalisa yana cewa, "Ba na faɗa muku ba?" Wannan ai shi ne a doke ka a hana ka kuka. Kakanninmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ina kuma ga hannun da lafiyarsa lau, har ya fi sauran iya riƙe alƙalami?

Kada kuma a ɗauka yaro ɗaya muke wa kuka. Layin waɗanda muke zubarwa dogo ne: yarinyar da tsautsayi ya faɗa wa aka kore ta aka bar wanda ya jawo mata yana zana jarrabawa, da maraya da dangi suka cinye gadonsa, da ɗan gudun hijirar da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyensu a Danko-Wasagu ko Sakaba. Da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, mun yi kuka. Da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga ranar 17 ga Nuwamba, 2025, aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka tafi da ɗalibai 25, mun yi kuka, kuma ya dace mu yi. Amma ɗaliban da mu da kanmu muke zarewa daga aji ɗaya bayan ɗaya, ba bindiga ba babur, wa ke yi musu kuka? Wace jarida ta taɓa buga adadinsu?

Akwai masu cewa ai gwamnati ta kawo bashin karatu, me ya rage? Gaskiya ne asusun NELFUND ya fara karɓar takardun neman bashi a 2024, yana biyan kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati, yana kuma ba da ɗan abin kashewa a wata. Mun yaba. Sai dai bashi ba ya tambayar yaro ko ya ci abinci, ba ya karanta masa rubutunsa, ba ya zuwa ya durƙusa gaban uba ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bar shi ya gama." Yaron da aka kora da dare, takardunsa na cikin akwatin da aka kulle a ɗakin uba, ta ina zai fara cike fom a intanet? Wannan aikin mutum ne mai ƙafa da baki da mutunci a gari.

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa sanin darajar uban gida. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. East ya jawo shi Zariya suka zauna tare, daga nan aka samu Magana Jari Ce, aka samu editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, da ƙyar da naci ta koma neman ilimi har ta ba mu Alhaki Kuykuyo Ne. Ita ta tsira da alƙalaminta. Nawa ne irinta da ba su tsira ba, littattafansu suka mutu a cikinsu?

Daɗin daɗawa, hannunmu ba a wanke yake ba. A duba littattafanmu na soyayya da finafinanmu: in ɗan daudu ya fito, kawali ne, ko abin dariya mai tafa hannu yana "ahayye". Ba mu taɓa ba shi uwa ba, ba mu taɓa ba shi takardar sakamako ba, ba mu taɓa tambayar daren da ya fara kwana a waje ba. Ɗalibanmu suna karanta mu, su shiga aji su maimaita abin da muka koya musu a kan ɗan'uwansu. Ba mu ce a yi wa kowa kirari ba. Mun ce marubucin da ya kasa ganin mutum a cikin mutum, aikinsa bai nuna ba, ko da ya sayar da kwafi dubu hamsin.

Saboda haka ga abin da muke kawowa gaban ƙungiya, kuma muna so a sa shi cikin ajandar taro mai zuwa. Na ɗaya, kowane reshe ya buɗe asusun tallafin karatu, ko da da kuɗin katin waya na mako guda kowane mamba zai fara. Na biyu, sharaɗin shiga ya zama biyu tak, ƙoƙari da buƙata. Kada kwamiti ya zama kotu, kada a tambayi yaro abin da ake faɗa a kansa a unguwa, ko addininsa, ko ƙabilarsa. Na uku, duk ɗalibin da aka ɗauka a haɗa shi da mamba ɗaya da zai riƙa duba karatunsa da rubutunsa, a fili, da sanin kwamiti, ya kuma zama mai shiga tsakani in rigima ta taso a gida. Na huɗu, wanda ya gama ya dawo ya koyar da na baya a lokacin hutu. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya nan a cikin garin Zuru, ga ta Aliero, ga ta Birnin Kabi. Ba sai mun je nesa neman ɗaliban ba.

Kada wani ya ce mana babu hali. Ƙasar da ta san golmo, inda samari ke haɗa ƙarfi su yi shekaru suna noma gonar surukin ɗayansu, ƙasar da ta san gayya da adashi, ba za a koya mata yadda ake haɗa hannu a ɗaga jinka ba. Kuɗin da muke kashewa a bikin ƙaddamar da littafi guda, da kujeru da lemo da maroƙa, ya isa ya riƙe ɗalibi shekara.

Wanda bai yarda da mu ba, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya zo da hujja mu ji. Abu ɗaya dai muke roƙo: kafin ya rubuta martani, ya tsaya a tashar mota mafi kusa da shi, ya dubi masu zuba abinci da kyau, ya tambayi ɗayansu ajin da ya tsaya. Mu mun ci shinkafar ɗalibinmu kyauta, kuma har yau ba ta gama wuce mana a maƙogwaro ba. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.