Zari-ruga: Wa Ya Cancanci Saka Rigar Ƙasa?

Idan kana zama gidan kallon ƙwallo, ka san musun nan da ba ya ƙarewa: wai me ya sa Bukayo Saka ya zaɓi Ingila, Ademola Lookman kuma ya dawo wa Najeriya? Wani ya ce kishin ƙasa ne, wani ya ce lissafi ne kawai. To, yau bari in ja ka zuwa wasan da ba mu cika kallo ba, wato zari-ruga, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 a kowane ɓangare, ana gudu da ita a hannu ana kokawa har minti 80. A can wannan musu ya fi zafi, ga shi kuma gasar cin kofin duniya ta 2027 a Australiya tana ƙaratowa, an ƙara yawan ƙasashe daga 20 zuwa 24. Kowace ƙasa ta baza ido tana neman wanda za ta saka wa riga.

Gabar da ta wuce fili

Kafin ka gane dalilin da ya sa rigar take da nauyi haka, sai ka san babbar hamayyar wasan: Afirka ta Kudu da New Zealand. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya sau 4, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023. New Zealand ta ɗauka sau 3, a 1987 da 2011 da 2015. Sau biyu suna haɗuwa a wasan ƙarshe, kuma duka Afirka ta Kudu ce ta yi nasara: 15 da 12 a Johannesburg a 1995, ranar da Nelson Mandela ya fito sanye da koriyar rigar ƙungiyar, sai 12 da 11 a Faransa a 2023.

Amma tun asali, tambayar wa zai saka riga ita ce a tsakiyar wannan gaba. A zamanin mulkin wariyar launin fata, New Zealand ta sha barin 'yan wasanta 'yan ƙabilar Maori a gida idan za ta je Afirka ta Kudu, don kada ran masu masaukinta ya ɓaci. A 1970 da aka bari suka je, sai da aka yi musu laƙabin "Turawan girmamawa", wato an ara musu farar fata ta 'yan makonni. A 1976 kuwa, New Zealand ta tafi rangadi can ana tsakiyar kashe ɗalibai a Soweto. Ƙasashen Afirka suka nemi a kore ta daga gasar Olympics ta Montreal, aka ƙi, sai sama da ƙasashe 20 suka ƙaurace wa gasar, har da Najeriya. Ka ga ke nan wasan da muke ganin bai shafe mu ba ya taɓa hana 'yan wasanmu shiga Olympics.

Wannan tarihi ya bar tabo har a cikin 'yan kallo. A yankin Cape akwai 'yan Afirka ta Kudu da har gobe New Zealand suke goyon baya, domin iyayensu da kakanninsu sun ƙi tafa wa ƙungiyar da ke wakiltar gwamnatin da ta ware su. Ko naɗa Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin a 2018, bai sa dukansu sun sauya ba. Mutum da fasfo ɗinsa a aljihu, amma zuciyarsa tana wata ƙasa.

Me dokar ta ce?

Hukumar World Rugby ba ta tambayar fasfo. Hanyoyin da ta sani su ne: ko an haife ka a ƙasar, ko an haifi mahaifinka ko mahaifiyarka ko ɗaya daga cikin kakanninka a can, ko kuma ka zauna a ƙasar na wasu shekaru. A wannan hanya ta ƙarshe rigimar take.

Shekara da shekaru, zaman shekara 3 kacal ya isa. Sai ƙasashe masu kuɗi suka mayar da abin sana'a. Kulob zai hango matashi a Afirka ta Kudu ko New Zealand wanda bai samu gurbi a ƙungiyar ƙasarsa ba, ya ba shi kwantiragi, bayan shekara 3 sai ka gan shi yana rera taken wata ƙasa. Haka Ireland ta samu CJ Stander da Bundee Aki da James Lowe da Jamison Gibson-Park. Haka Scotland ta samu Duhan van der Merwe da Pierre Schoeman. Ƙorafi ya yi yawa, musamman daga Agustín Pichot ɗan Ajantina, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban hukumar, har aka amince a 2017 a mayar da wa'adin shekara 5.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida mai tsauri: da zarar ka buga wa wata ƙasa wasa ɗaya, to ta ɗaure ka har abada. A watan Nuwamba na 2021 aka sassauta. Daga Janairun 2022, ɗan wasa na iya sauya ƙasa sau ɗaya, idan ya shekara 3 bai buga wa ta farko ba, kuma shi ko iyayensa ko kakanninsa a sabuwar ƙasar aka haife su.

Wa ya ci ribar sauyin?

An yi wannan gyara ne musamman saboda tsibiran Tonga da Samoa da Fiji. Tonga gaba ɗayanta mutum wajen dubu 100 ne, ba ta kai wasu ƙananan hukumominmu ba, amma 'ya'yanta sun cika manyan ƙungiyoyin duniya. Dubi Malakai Fekitoa: a Tonga aka haife shi, karatu ya kai shi New Zealand, ya ɗauki kofin duniya da su a 2015. Dubi Charles Piutau, wanda ya buga wa New Zealand har zuwa 2015, sannan ya koma Turai neman kuɗi. New Zealand ba ta gayyatar wanda ke wasa a waje, don haka yana barin ƙasar ƙofa ta rufe, kuma tsohuwar doka ta hana shi buga wa ƙasar iyayensa. Ya zama ba shi ga tsuntsu, ba shi ga tarko.

A gasar 2023 duka biyun sun saka jar rigar Tonga. Samoa ma ta samu Lima Sopoaga da Steven Luatua da Christian Leali'ifano. To, sai me ya faru? Tonga ta sha kashi a hannun Ireland da Scotland da Afirka ta Kudu, Romaniya kaɗai ta doke. Samoa ta kusa ba Ingila kunya, aka tashi 18 da 17, amma ita ma ba ta fita daga rukuni ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Taurarin sun dawo ne bayan wata ƙasa ta gama morar ƙuruciyarsu, kuma sun tarar da ƙungiyar da ba ta da kuɗi, ba ta samun manyan wasanni, ba ta haɗuwa sai 'yan makonni kafin gasa. Ka tuna fa, sai a 2015 New Zealand ta fara zuwa Samoa buga wasa, duk da kusancinsu.

Wanda ya fi kowa cin ribar sabuwar dokar, abin mamaki, daga babbar ƙasa ya fito. Jean Kleyn haifaffen Afirka ta Kudu ne, ya zauna a Ireland, ya buga musu gasar 2019, daga nan suka daina kiransa. A 2023 ya koma ƙasarsa ta haihuwa, ya ɗauki kofin duniya da ita. Dokar da aka yi don talaka, sai ga mai kuɗi ya fi shi iya amfani da ita.

Yanzu kwatanta da Fiji. Ita ce ta doke Ingila 30 da 22 a Landan a watan Agustan 2023, ta doke Australiya 22 da 15 a gasar, ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe. Babban abin da ya sauya mata shi ne kulob ɗin Fijian Drua, wanda ya shiga gasar Super Rugby a 2022. Matasa suka samu albashi da horo na ƙwararru ba tare da sun bar gida ba, suna wasa tare duk mako. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Laifi tudu ne

Mutanen zari-ruga suna alfahari da ladabin 'yan kallonsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Ba a raba magoya bayan ƙungiyoyi biyu da shinge kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa, tare suke zama. A filin Thomond Park na Ireland, fili kan yi tsit idan ɗan wasa zai buga ƙwallo zuwa sanduna, ko da na abokan hamayya ne. A 2007 Ingila ta yi wasa a Croke Park na Dublin, filin da dakarun Birtaniya suka harbe mutum 14 a 1920, aka rera taken Ingila ba wanda ya yi ihu. Daga nan Ireland ta lallasa su 43 da 13.

Amma da an zo batun 'yan wasan da aka haifa a waje, sai ladabin ya gudu. Kowa yana kiran na maƙwabcinsa sojan haya, nasa kuma ɗan gida. Ɗan New Zealand zai yi wa Ireland gori cewa da 'ya'yansu take taƙama, kuma lallai a karawarsu ta 2023, wadda New Zealand ta ci 28 da 24, Aki da Gibson-Park duk sun ci wa Ireland maki a kan ƙasar da aka haife su. Ɗan Ireland kuma zai ce ai ku ma tsibiran kuka wawashe. Shi ma bai faɗi gaskiya duka ba, domin da yawa daga cikin waɗannan 'yan wasa, irin su marigayi Jonah Lomu, a birnin Auckland aka haife su, kuma Samoa da Tonga su ma suna cika ƙungiyoyinsu da haifaffun New Zealand. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Japan ta nuna cewa ana iya kallon abin ta wata fuska. Michael Leitch, haifaffen New Zealand mai uwa 'yar Fiji, ya je Japan karatu yana ɗan shekara 15. Shi ne kyaftin ranar da suka girgiza duniya da doke Afirka ta Kudu 34 da 32 a 2015, kuma a 2019 da suka karɓi baƙuncin gasar, filaye sun riƙa amsa sunansa. Wa zai ce wannan ba ɗan Japan ba ne?

Sannan kafafen sada zumunta sun ƙara dagula lamarin. Wayne Barnes, alƙalin da ya hura wasan ƙarshe na 2023, ya sha zagi da barazana har ta kai ga iyalinsa. Tom Foley, wanda ya kula da na'urar bidiyo a wasan, ya janye daga wasannin ƙasa da ƙasa saboda irin wannan cin zarafi. Mutumin da zai zauna lafiya da abokin hamayya a fili, da ya ɗauki waya sai ya koma wani abu daban. Kai ma ka san wannan hali, ba sai an je Turai ba.

Ina namu a ciki?

Maro Itoje, wanda aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025, ya kuma jagoranci haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ireland da ake kira Lions zuwa Australiya suka yi nasara. Immanuel Feyi-Waboso, mai asali da Najeriya, a Cardiff aka haife shi, ya buga wa matasan Wales, amma a 2024 ya zaɓi Ingila, mutanen Wales suka yi ta ɓacin rai. A dokance dai Itoje zai iya saka rigar Black Stallions ta Najeriya tun farko. Amma tsakaninka da Allah, in kai ne shi, za ka bar ƙasar da ta ba ka makaranta da koci da likita da albashi, ka zo inda yawancin mutane ba su ma san akwai ƙungiyar ba?

A nan ne nake ganin magoya baya ke kuskuren saiti, a zari-ruga da ƙwallon ƙafa duka. Ɗan wasa yana da shekara goma ko sha biyu na cin abinci da jikinsa, kuma a zari-ruga rauni ɗaya na iya kawo ƙarshen komai. Idan ya bi inda dama take, abin da kowane matashi mai neman aiki ke yi ya yi. Wanda ya kamata a tsare da tambaya shi ne mai riƙe da hukumar wasanni: ina filaye, ina gasar makarantu, ina kuɗin da aka ware? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba laifi ba ne a yi maraba da ɗan da ya dawo gida. Lookman ya dawo, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024, kowa ya ji daɗi. Amma ƙasar da ta mayar da jiran 'ya'yan waje shi ne dukan tsarinta, Tonga ta nuna mata inda abin ke tsayawa. Fiji kuwa ta nuna abin da kulob guda ɗaya mai tsari a gida zai iya yi cikin shekara biyu.

Saboda haka, idan gasar 2027 ta zo ka ji an fara jifan wani da kalmar sojan haya, tambayi mai maganar abu biyu: wa ya raini yaron nan har ya zama abin da ya zama, kuma me ƙasar da ke kukan an ƙwace mata shi ta tanadar masa lokacin da yake ɗan shekara 15? Wannan tambaya tana nan daram a kan yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin unguwarku.