Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka, Ko A Madafa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wani al'amari da muka raina alhali kuwa babba ne. A yawancin gidajenmu girki aikin mutum ɗaya ne, ko uwa ko 'yarta. Mu samari idan mun je hutu sai dai mu wanke hannu mu jira kwano. A ganina wannan ba daidai ba ne. Ya kamata kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya riƙa shiga madafa tare da wani ɗan'uwansa su raba aiki.

Abincinmu ma shi da kansa yana neman mutum biyu. Mu ɗauki ɗan wake. Mutum ɗaya zai kwaɓa garin wake da na rogo da kuka da ruwan kanwa, ya riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa. Ba shi da halin matsawa daga murhu, domin da ya juya baya kumfa za ta taso ta kashe wuta. To, a lokacin nan sai ɗayan ya yanka albasa, ya soya man gyaɗa, ya daka yaji, ya dafa ƙwai. Kafin a tsame ɗan wake, kayan haɗinsa sun kammala.

Haka kuma tuwon shinkafa da miyar taushe. Tuƙin tuwo yana son ƙarfi, saboda haka yaro ɗan shekara 16 kamata shi ya fi dacewa da muciya. Ƙanwata kuwa sai ta fere kabewa, ta yanka alayyafo da yakuwa, ta daka gyaɗa da daddawa. Da safe ga ƙosai da koko: wannan yana buga ƙullu yana suya, wancan yana dama gasara, kowa ya karya da zafinsa. Waɗanda ba su ƙware ba su fara da garau-garau. Ɗaya ya tsince wake ya ɗora shi tukuna, tun da ya fi shinkafa daɗewa a wuta, ɗaya kuma ya wanke shinkafa ya shirya mai da yaji.

Na san wasu za su ce girki aikin mata ne. Amma mai tsire da mai shayi da mai balangu ai maza ne, kuma babu mai yi musu dariya. Me zai sa abin da ake yi a bakin titi don neman kuɗi ya zama abin kunya a cikin gida don taimakon uwa? Ban da haka, tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, akan tura masu gama jami'a wata jiha su yi shekara guda. Wanda bai iya ɗora tukunya ba, alawus ɗinsa a wurin mai sayar da abinci zai ƙare.

Wasu kuma za su ce idan mutum biyu suka haɗu a kan tukunya sai miya ta lalace. Wannan yana faruwa ne idan ba a yi tsari ba. Tun kafin a hura wuta a yanke wanda zai tsaya a murhu da wanda zai riƙe wuƙa da turmi. Gishiri kuwa mutum ɗaya ne zai zuba, ɗayan ya ɗanɗana. Wanda ya sha hayaƙi kada a bar masa wanke-wanke. Gobe sai a yi musanya, don kowa ya iya duka biyun.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata, idan ɗanku ya leƙo madafa kada ku kore shi da cewa nan ba wurin maza ba ne, ku miƙa masa taɓarya. Iyayenmu maza kuma ku ƙarfafa mana gwiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma ɗalibai, a wannan hutu kowa ya nemi abokin girki a gidansu, ko sau biyu a mako, domin iyayenmu mata su ɗan huta.