Bayan Faɗuwa Zaɓe: Ina Kiristocin Arewa Suka Dosa?

A majalisarmu da ke bakin Ƙofar Ɗan Agundi, inda muke zama bayan la'asar muna kallon motocin da ke bin titin BUK, an daɗe ba a yi musu mai zafi ba irin wanda aka yi a ƙarshen watan Oktoban 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump na Amurka ya sake sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini. Wani dattijo daga cikinmu ya yanke hukunci a take, ya ce duk wannan haushin faɗuwa zaɓen 2023 ne, waɗanda suka sha kaye a akwati su ne suka kai ƙara wajen Bature. Ban yarda da shi ɗungurungum ba, amma kuma na kasa ƙaryata shi ɗungurungum, shi ya sa na ga ya dace in baje maganar a wannan fili.

Idan mai karatu bai manta ba, tun daga watan Yulin 2022 da Bola Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima a matsayin abokin takara, ƙungiyar CAN ta fito ƙarara ta yi watsi da tikitin Musulmi da Musulmi. A cikin APC kanta, Babachir Lawal da Yakubu Dogara sun ja daga. Majami'u da dama, musamman na masu ra'ayin riƙau, suka mayar da mumbari wurin wayar da kai kan katin zaɓe, kuma galibin wannan guguwa ta karkata ga Peter Obi. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 aka kaɗa ƙuri'a, Tinubu ya samu miliyan 8.79, Atiku Abubakar miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1. Obi ya ci Filato da Nasarawa da Abuja har da Legas, amma ya zo na uku, kuma a watan Oktoban wannan shekara Kotun Ƙoli ta rufe babin shari'ar.

Abin da ya fi yi wa shugabannin coci ciwo, a fahimtata, ya wuce rashin kujerar mataimakin shugaban ƙasa. An daɗe ana ɗauka cewa akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, wadda ta ce ba za a ci zaɓen ƙasa ba sai an haɗa addinai biyu a tikiti. Abiola da Kingibe sun karya ta a 1993, amma da yake an soke wancan zaɓe, sai ya zama kamar ba a yi ba. Malam Nasiru El-Rufa'i ya karya ta a Kaduna a 2019, Uba Sani ya maimaita a 2023. Da Tinubu ya yi nasara, sai ta tabbata cewa ana iya kaiwa fadar Aso Rock ba tare da albarkar CAN ba. Wanda ya saba a riƙa neman yardarsa, ranar da aka wuce shi ba a ko waiwaya ba, dole ya zauna ya sake lissafi.

Sai dai lissafin da aka yi a mumbari ya tsallake wasu abubuwa. A nan Kano, ƙuri'u kusan miliyan ɗaya ne suka tafi ga Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda abokin takararsa bishof ne, wato Isaac Idahosa, kuma ban ji wanda ya fasa dangwala wa kwandon kayan marmari saboda haka ba. A Binuwai kuwa, jihar da Kirista suka fi rinjaye, Tinubu ne ya ci, kuma limamin Katolika, Fada Hyacinth Alia, shi ya lashe kujerar gwamna a inuwar APC ɗin da ake cewa ta Musulmi ce. Wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Tinubu ma, Simon Lalong, Kirista ne ɗan Filato. Ashe ke nan Kiristocin Arewa ba dunƙule suke wuri guda ba, kamar yadda mu ma ba a dunƙule muke ba, kuma duk wanda ya yi magana da yawun su baki ɗaya ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Tunda Amurka ce ta jawo musun, bari mu leƙa can kaɗan. A 1988 mai wa'azi Pat Robertson ya nemi jam'iyyar Republican ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, ya faɗi. Maimakon magoya bayansa su watse, sai aka kafa ƙungiyar Christian Coalition a 1989, suka koma tushe, suna neman kujerun hukumomin makarantu da shugabancin jam'iyya a gundumomi. Wasu kuma daga baya suka ce siyasa ta ƙazantu, gara a janye a gina iyali da makarantu, ra'ayin da Rod Dreher ya tattara a littafinsa na 2017. Masu haƙurin cikin jam'iyya su ne suka ga abin da suke so a 2022, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki. Sun shafe fiye da shekara 30 suna wannan aiki, kuma a gida suka yi shi, ba su kai ƙarar ƙasarsu wajen kowa ba.

Mu ma muna da namu misalin, kuma ya fi na Amurka kusa da zuciyata. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Wusasa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ne abokin takarar Dokta Nnamdi Azikiwe a 1979. Sun faɗi, Shehu Shagari ya ci. Da NPP ta ƙulla yarjejeniya da NPN, sai ga Ishaya Audu a matsayin ministan harkokin waje na gwamnatin da ta kayar da shi. Joseph Tarka, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da NPC a ƙarƙashin UMBC, ya ƙare yana cikin iyayen NPN. Kafin su duka, Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa kuma Kirista, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949. Matasanmu da yawa ba su san wannan ba, matasan coci ma haka, domin labari ne da ba ya yi wa masu rura wuta na kowane ɓangare daɗi.

Wani zai ce ai wannan hanya ta shiga ciki ita ce ta ba da George Akume a matsayin Sakataren Gwamnatin Tarayya da Janar Christopher Musa a matsayin Babban Hafsan Tsaro a 2023, ta kuma ɗora Farfesa Nentawe Yilwatda a shugabancin APC a watan Yulin 2025 bayan Abdullahi Umar Ganduje ya sauka. Haka ne. Amma muƙami a Abuja ba ya share hawayen wanda aka ƙona wa ƙauye a Bokkos ko Guma, kuma a nan ne dattijon majalisarmu ya yi kuskure. Kashe-kashen Filato da Binuwai da kudancin Kaduna gaskiya ne, kisan Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022 gaskiya ne, kuma wanda aka kashe wa ɗa ba haushin zaɓe ne ke sa shi kuka ba. Inda na raba hanya da masu kai ƙara Washington shi ne yadda suke tace labarin. Sukan cire Zamfara da Katsina da Borno daga cikinsa, inda mafi yawan waɗanda ake binnewa Musulmi ne, domin labarin ya shiga kunnen da aka shirya wa. Ranar Kirsimetin 2025 Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Ko me mutum yake gani game da amfanin harin, Kiristan da ke Sabon Gari ko ƙauyukan kudancin Kano shi zai kwana cikin maƙwabtan da suke jin an kira musu baƙo da makami.

Akwai wani ɓangare da ya shafi sana'ata ta nazarin harshe, wanda nake ganin an yi sakaci da shi. Miliyoyin Kiristocin Arewa da Hausa suke ibada. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Dokta Walter Miller ya taka rawa a cikinsa, kuma sunayen ikilisiyoyi irin su EYN da HEKAN da TEKAN duk gajarce ne na kalmomin Hausa. Amma idan aka zo maganar siyasa, sanarwar shugabannin coci da Turanci take fitowa, daga otal a Abuja, ana nufar jaridun Legas da ofisoshin jakadanci. Bahaushen da ke sauraren Freedom Radio ko Rahama ba ya jin ƙorafin daga bakin mai shi, sai dai daga bakin wanda ya fassara masa da mugun nufi. A zaɓen 2023 an yi ta wa'azi ga waɗanda tuni sun amince, alhali ƙuri'un da ke yanke hukunci suna Kano da Katsina da Jigawa, kuma da Hausa ake roƙon su.

Mu ma akwai abin da ke wuyanmu. Wani abokin aikina, Bahaushe Kirista daga kudancin jihar nan, ya taɓa gaya mini cewa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a tambaye shi "asalinka daga ina ne?" bayan ya faɗi sunan garinsu, kamar Hausar bakinsa aro ce. Irinsa sun fi son a kira su Masihiyawa, mu kuwa har yanzu kalmar "arna" tana fita daga bakin masu digiri ba tare da sun ji komai ba. Ƙorafin da CAN ta daɗe tana yi kan wahalar samun takardar filin gina coci da ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati abubuwa ne da gwamnan jiha zai iya dubawa ba tare da ya rasa ƙuri'a ko ɗaya ba. Mu da muka ga watan Oktoban 1991 lokacin zuwan Reinhard Bonnke, muka ga Mayun 2004, muka kuma ga Afrilun 2011 da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an rasa rayuka fiye da 800 a Arewa, mun san kuɗin da ake biya idan aka bar irin waɗannan abubuwa suka taru.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma za a sake tayar da maganar tikiti. Na faɗa wa abokin nawa cewa idan shugabanninsu na son a ji su a cikin ganuwa, su nemi fili a gidajen rediyon Kano su yi bayani da Hausa, su kuma shiga taron jam'iyya na mazaɓa tun kafin a fitar da 'yan takara. Ya yi dariya, ya ce shi a shirye yake, amma in fara gayyatar sa majalisarmu ta Ɗan Agundi ya ga irin tarbar da za a yi masa. Na yi wa dattijon nan maganar, ya ce a kawo shi ranar Asabar, shi zai sayi shayin.