'Yarka Ta Gama Karatun Nas, Wa Zai Ba Ta Aikin Farko?

Jama'ar Haj Abdalla da Mai Wurno da dukkan ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azrak har bakin iyaka.

Ya kai uba, ya ke uwa, kun san wannan labari, don in bai faru a gidanku ba ya faru a gidan maƙwabci. An sayar da dawa, an sayar da akuya, yarinya ta yi karatun jinya ta fito da shahada. Ta yi hidimar ƙasa, ta yi rajista. Sai ta fara yawo da takardu daga Madani zuwa Sinnar zuwa Hartum, kuma ko'ina tambaya ɗaya ce: ina shahadar gogewa? Asibitin kuɗi yana son wadda ta taɓa aiki. Masu ɗiban ma'aikata zuwa Saudiyya galibi shekara biyu suke nema. To, a ina za ta samo shekara biyun in ba wanda ya ba ta ranar farko? Da koyo akan iya, amma sai an bar mutum ya shiga ɗakin.

Abin da ya rage mata shi ne aikin sa kai. Ta yi wata da watanni tana kwana a kan marasa lafiya ba ko sisi, kuɗin mota daga aljihunka. Wata ta gaji ta zauna a gida, hannu ya manta allura. Wata ta jure, bayan doguwar wahala ta samu aiki, aka yi guɗa aka raba alewa. Muna taya ta murna. Amma ka tambaye ta yadda ta samu: sau da yawa za ka ji sai da wani babba ya yi mata magana. 'Yar wanda ba shi da babba fa?

Ba don babu aiki ba ne. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ruwa ke kwance a magudanan Jazira, tare da sauro da tsargiya. Kowace damina zazzaɓi na kwantar da gida guda. Mace na naƙuda da dare, sai an nemi mota zuwa gari. Marasa lafiya suna nan, masu shahada suna nan, abin da babu shi ne gwamnatin da za ta haɗa su.

Kuma ba don babu kuɗi ba ne. Masu mulkin wancan lokaci sun hau kujera ne ranar 30 ga Yuni 1989. A 1999 Sudan ta fara sayar da man fetur a waje. A 2005 suka buɗe Akadamiyar Kimiyyar Lafiya don a yawaita nas da ungozoma. Horarwa abu ne mai kyau, amma wanda ya shuka ya ƙi girbi ya yi asarar iri.

Mu Hausawa muna da ƙarin tarnaƙi. A wancan lokaci ba a shiga aikin hukuma sai da takardar jinsiyya, kuma ka san irin tambayar da ake wa ɗanmu a kan kakansa. Alhali jama'ar Sarki Attahiru sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno tun ana saura kusan shekara hamsin a sami 'yancin kai a 1956. Hannun kakanninmu ne ya tsinci audugar Jazira. Jikarsu ba baƙuwa ba ce a asibitin ƙasarta.

Ga abin da jam'iyyarmu ke tsaye a kai:

Na ɗaya, duk wanda ya gama karatun jinya ya yi rajista, namiji ko mace, wilaya ta ba shi aikin shekara biyu da albashi a cibiyar lafiya mafi kusa da garinsu, ya fita da shahadar gogewa.

Na biyu, watannin sa kai da na hidimar ƙasa a lissafa su a matsayin gogewa, a rubuce.

Na uku, a manna sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu a bangon ofishin mahaliyya, kowa ya gani.

Na huɗu, a fifita mai jin harshen garin. Tsohuwa za ta gaya wa nas da Hausa abin da ba za ta iya faɗa da Larabci ba.

Za a ce maka wannan ya fi ƙarfin baitulmali. Ka ce a fara da nas ɗaya a kowace cibiyar da ke rufe, a rage motocin manya.

A zaɓen da aka fara ranar 11 ga Afrilu 2010, an miƙa wa mai jefa ƙuri'a takarda har takwas. Kada ka tsaya kan ta shugaban ƙasa kawai. Aikin lafiya a hannun wilaya yake, don haka wali da majalisar wilaya su ne ke buɗe wa 'yarka ƙofa ko su rufe. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanka da sukari, ka tambaye shi nas nawa zai ɗauka a garinku, kuma yaushe. Sannan ka duba alamarmu a bayan wannan takarda, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku fita tare.

Allah ya ba mu lafiya da shugabanni masu adalci.