Kakanni ma malamai ne

A ƙauyukan Tchaké da sauran karkarar Mayahi da Tasawa, da zarar gero ya shiga rumbu sai magidanta su tafi cin rani Najeriya ko Libiya, a bar yara da mata da tsofaffi. A ganina, ya kamata a ɗauki kakannin nan a matsayin malamai, domin al'ada ta ba su damar da ta hana iyaye. Uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, amma kaka tana kiran jikanta "mijina", ta tsokane shi, shi kuma ya tambaye ta abin da ba zai iya tambayar ubansa ba. Cikin wasan nan yarinya ke koyon saƙa tabarma da kabar Gulbin Kaba, yaro ya gane abin da ya sa ba a sare gawo a gona: yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Tsohon da ya ga yunwar 1984 kuwa ba ya barin jika ya taɓa irin shuka.

Za a ce ai tsofaffin ne ke sa a zubar da dakashi, a cire wa jariri beli, a aurar da yarinya tana firamare. Haka ne, kuma hujjata ke nan. Maganarsu ce ke ci a gida, don haka ungozoma ko malamin makarantar da ya tsallake su ɓata bakinsa kawai yake yi. A gayyato su zaman asibiti da na kwamitin makaranta, a fahimtar da su cikin girmamawa, sauran aikin su za su ƙarasa.