Mun tsallake shagon caca, mun shigo da ita ɗaki a cikin waya

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, kuma na san wasu za su ji haushina, musamman 'yan tawagarmu ta dare. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Makon da ya wuce wani ɗan uwanmu ya same ni bayan sallar isha'i, ya ja ni gefe, ya ce in ranta masa dubu biyar zuwa ƙarshen wata, ko garin kwaki babu a lokarsa. Abin ya ɗaure min kai, don a gabana alat ɗin kuɗin abincinsa ya shigo daga gida, ko kwana goma ba a yi ba. Da na matsa masa sai ya buɗe waya ya nuna min inda kuɗin suka tafi: wata bindiga mai walƙiya a cikin gem, da riga, da wata rawa da ɗan mutumin nasa ke yi in ya ci wasa. Bindigar ma ba ita yake nema ba. Wata ce daban yake so, ya yi ta biya yana juyawa ba ta fito ba. Mahaifin yaron nan ɗinki yake yi a kasuwa. Ku lissafa riga nawa ya ɗinka kafin ya haɗa kuɗin da ɗansa ya ƙone a dare biyu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan ɗan uwan namu in muka wuce shagon bet na bakin get har kau da kai yake yi. Dukanmu haka muke. Muna ganin layin samari da takardun ƙwallo a hannu, mu ce Allah ya shirya, mu ji a ranmu cewa mu 'yan Arewa mun fi ƙarfin wannan. To wallahi ba mu fi ƙarfinsa ba. Mun dai ƙi shiga shagon ne, sai shagon ya biyo mu har kan katifa.

Kada wani ya ce ni maƙiyin gem ne. Ni ma ina bugawa. Duk wanda ya yi zangon farko a garin da ba ya jin yarensu, ga abincin bai saba ba, ga gida sai an kwana a mota kafin a isa, ya san daɗin ya saka abin ji a kunne ya ji muryar abokinsa na Gusau ko Azare yana cewa "kai, ga shi nan bayanka!" Wannan zumunci ne, ban raina shi ba. Abin da nake faɗa da shi guda ɗaya ne: biyan kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba.

Mu tsaya mu yi tunani. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Duk kyauta ake sauke su. Kamfani ya ɗauki injiniyoyi da masu zane, ya biya manyan kwamfutocin da ke riƙe da miliyoyin mutane a lokaci guda, sannan ya ba ka kyauta? Don Allah yaushe ɗan kasuwa ya zama mai rabon sadaka? Kuɗin suna cikin abin da za ka saya bayan ka shiga, kuma an tsara hanyar sayen da wayo.

Wayo na farko, ba a nuna maka naira. Sai an canza maka kuɗinka zuwa daimon ko UC ko CP ko kwabban cikin gem. Da za a ce maka "biya dubu huɗu ka juya sau ɗaya", za ka ji zafi. Amma in aka rubuta adadin daimon, sai ka ji kamar duwatsun dara kake zubarwa. Kuma sau da yawa ƙunshin da ake sayarwa ba ya zuwa daidai da farashin abin da kake so, sai ka rage da canjin da ba zai sayi komai ba sai ka ƙara. Wayo na biyu shi ne agogo: abin nan zai ɓace bayan kwana uku, yi sauri. Na uku, tukuicin shiga kullum, wanda in ka tsallake rana ɗaya sai ka ji kamar ka yi asara. Na huɗu, wanda shi ne uban tafiyar, akwatin sa'a da juyin sa'a.

Wannan na huɗun ba sabon ilimi ba ne. Masanin halayya na Amurka B. F. Skinner ya nuna shi tun tuni da tattabaru da ɓeraye: dabbar da ba ta san lokacin da abinci zai faɗo ba ta fi naci wajen danna maɓalli, kuma ta fi wuyar dainawa, a kan wadda ta san lissafinta. Injin caca a kan wannan yake tafiya. Juyin sa'a na cikin wayarka ma haka.

'Yan lissafi, ku duba min wannan. A ce damar samun abin da kake so ɗaya ce cikin ɗari a kowane juyi. Yawancinmu za mu ɗauka cewa in ka juya sau ɗari dole ya fito. Ba haka ba ne. Ka ninka 0.99 sau ɗari, za ka samu kusan 0.37. Ma'ana cikin mutum ɗari da kowanne ya juya sau ɗari, kusan 37 za su tashi ba su same shi ba. Su ne ba za ka taɓa gani a TikTok ba. Wanda ya dace shi ke ɗora bidiyo yana ihu, sauran suna can suna neman rancen garin kwaki.

Na san me za a ce: "Ai ba caca ba ce, tunda ko yaya ne sai an ba ka wani abu." To, ƙasar Beljiyam ta duba wannan hujjar a 2018, hukumar da ke kula da caca a can ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu. A farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. A Amurka kuma, a watan Disamba na 2022, kamfanin Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520, kuma miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗinsu ne saboda an tsara maɓallai ta yadda za su sayi abin da ba su yi niyya ba. Ita ko ƙasar Sin, gidan Tencent, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Masu dafa abincin sun auna wa 'ya'yansu da cokali, mu kuma muna ɗiba da ludayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta saka jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019.

Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Amma duk mun yi islamiyya, mun san inda aka haɗa caca da giya a Suratul Ma'ida. Ka je ka samu malaminka, kada ka ce masa "gem", ka ce masa: na ba da kuɗi, ban san abin da za a ba ni ba, wataƙila mai tsada, wataƙila tarkace, kuma in bai fito ba ina ƙara biya. Ka ji amsar da zai ba ka. In kana jin nauyin yin tambayar a haka, ka riga ka san amsar.

Sai masu cewa sana'a ce, ana cin miliyoyi a gasa. Gaskiya ne akwai gasa, akwai masu ci. Amma a ɗakunan kwananmu duka, nuna min mutum ɗaya da ya biya kuɗin makaranta da kuɗin gasa. Ni kuwa zan nuna maka waɗanda suka kwana suna neman hawa matsayi, lakcar ƙarfe takwas ta wuce su suna barci, ƙarshen zango sunansu ya fito da kwas biyu a baya. Kuma ai rigar da ka saya ba ta ƙara maka iya harbi. Ado ce kawai, a kan asusun da in kamfani ya rufe shi gobe ba ka da wurin kai ƙara.

Ku tuna halin da muke ciki. Ɗalibin da ya samu bashin NELFUND dubu ashirin ake ba shi a wata na kashewa. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Tun kafin ka sayi daimon ɗaya, data ta riga ta ci rabonta. Sannan mu da muke nan Kudu ba kamar ɗan gari ba ne da zai hau mota ya je gida ya ci tuwon mamarsa in aljihu ya bushe. Mu in ya ƙare ya ƙare, sai dai ka buga waya ka yi wa Baba ƙaryar an ce a sayi littafi. Wannan ƙaryar ita ta fi damuna, fiye da kuɗin.

Ga abin da nake roƙonmu. Ka buga gem ɗinka, amma kada ka biya ko sisi a kan juyi ko akwati. In ka je gidan PS ka biya kuɗin wasa ɗaya, ka san abin da ka saya, haya ce, ta ƙare ka tashi. Ka cire katin bankinka daga wayar. Ka buɗe tarihin kuɗin da ka tura na wata uku ka haɗa jimilla, ka kalle ta da idonka. Tawaga ta yi doka: makon jarabawa ba mai kiran kowa, kuma a daina yi wa wanda ba shi da riga mai tsada dariya, don wannan dariyar ce ke tura yara sayayya. Wanda ya zo rancen abinci a ba shi abinci, kada a ba shi kuɗi. Ni ma haka na yi da ɗan uwan nan, shinkafa na auna masa da manja.

Ku kuma 'yan kimiyyar kwamfuta, Maliyo Games a Legas suke, suna ƙera gem da labaran Afirka. Kiro'o Games a Kamaru sun fitar da Aurion a 2016. Mu muna da dara, muna da langa, muna da dambe da duniya ke kallo a YouTube. Awannin da muke ba wa gem ɗin wasu, da rabinsu muka ba wa koyon yadda ake ƙera shi, da yanzu wani zancen ake.

Wanda ya ga na yi kuskure ya zo ya faɗa, ƙofa a buɗe take, amma ya taho da jimillar wata ukun nan a hannunsa. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya mayar da mu gida lafiya da abin da aka turo mu nema.