Da Aliyu Namangi na raye, wa zai sanar da shi taron marubuta?

Yawancin tarukan adabi a arewacin Najeriya yanzu da hoto ake sanar da su. A tsara fosta mai kyau, a jera hotunan manyan baƙi, a rubuta rana da wuri a jikin hoton, sai a watsa a WhatsApp da Facebook. Makahon da ke da wayar Android yana da manhajar TalkBack da ke karanta masa rubutu da murya, mai iPhone kuma yana da VoiceOver, amma idan rubutun yana cikin hoto ne, sau da yawa abin da wayar za ta iya gaya masa shi ne akwai hoto a nan. Tun kafin a jera kujeru ke nan an riga an sallame shi. Wanda ke kan keken guragu ya ga sanarwar, ya biya kuɗin adaidaita sahu ya zo, sai ya tarar zauren yana hawa na biyu. Kurma ya haura benen lafiya lau, ya zauna awa uku yana kallon leɓuna na motsi.

Babu wanda ya shirya wannan da mugunta. Mantuwa ce, amma mantuwar da ba ta dace da adabin Hausa ba.

Malam Aliyu Namangi, wanda aka haifa a ƙasar Zazzau a 1894 ya kuma rasu a 1990, ya makance tun yana ƙaramin yaro. Shi ne ya tsara waƙoƙin Imfiraji, waɗanda aka buga kashi-kashi, ake nazarinsu a makarantu da jami'o'i, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. A ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta. Kafin rediyo da kaset su game gari kuma, makafi masu yawo ƙofa-ƙofa suna cikin waɗanda suka kai waƙoƙin nan lungu-lungu, har matan kulle suka haddace su. A wannan zamanin ma ga Yahaya Makaho, mawaƙin da ya taso daga bara ya zama sananne da waƙoƙin faɗakarwa. Naƙasasshe ba baƙo ba ne a wannan gida, da shi aka yi ginin.

Haka ma batun yi da kanka ba sabo ba ne. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga shekarun 1980 bai jira wani babban kamfanin ɗab'i ba. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun fito ne a lokacin da marubuci ke rubutawa, ya nemi kuɗin bugawa, ya kai wa masu sayarwa da kansa. An yi wa littattafan dariya, an ce ba adabi ba ne, amma su suka koya wa dubban mata karatun boko. Mutanen da suka san zafin a rufe musu ƙofa su ya fi kamata su lura da wanda ke tsaye a waje.

A Ingila an daɗe da haɗa waɗannan abubuwa biyu. Tun 2001 ake gudanar da bikin DaDaFest a birnin Liverpool, inda kurame da sauran naƙasassu ke nuna fasaharsu, su ne kuma ke jan ragama. Akwai kuma ƙananan taruka na unguwa da ake yi a ɗakunan karatu, inda mutum ke haɗa 'yar mujallarsa da suke kira zine da almakashi da gam da injin fotokwafi, shafi takwas ko goma sha biyu, ya baje a tebur. Naƙasassu sun rungumi wannan salo saboda babu editan da zai ce labarin bai isa ban tausayi ba. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan duka ya fito ne daga 'yan gwagwarmayar naƙasassu na Birtaniya a shekarun 1970: matattakala ce ke hana gurgu shiga zaure, ba ƙafarsa ba.

A nan gida dokar ma tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar haramta nuna wariya ga naƙasassu, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta sauƙaƙa mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya ba tare da an taka haƙƙin mallaka ba. Sai dai ƙungiyar marubuta da ke haɗuwa sau ɗaya a wata ba hukuma take jira ba, kuma bai kamata ta jira ba.

Masu shirya irin waɗannan taruka za su ce babu kuɗi, kuma gaskiyarsu ce. Yawancinsu karo-karo suke yi, wani ya kawo ruwan leda, wani ya ari lasifika. Amma rubuta sanarwa da haruffa a ƙasan hoton, ko tura ta da saƙon murya, ba ya cin ko sisi. Roƙon a ba da ajin ƙasa maimakon na sama ma haka. Haka kuma mai gabatarwa ya faɗi sunan duk wanda zai yi magana, a karanta abin da aka rubuta a allo da ƙarfi, a naɗi karatun da waya a tura wa wanda jinya ko kuɗin mota ya hana shi fitowa. Abin da ke cin kuɗi da gaske shi ne tafinta, kuma ko shi ɗin sai an yi tambaya. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gargajiya, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a kanta a Kano ta fitar da littafi a 2000, alhali a makarantu an fi amfani da alamomin da suka samo asali daga Amurka. Idan aka ɗauko tafinta ba a tambayi waɗanda za su zo wacce suka fi ji ba, an yi asarar kuɗin.

Wannan ne ya sa gyaran gaske ba a kujerun 'yan kallo yake ba, a kwamitin shirye-shirye yake. Idan akwai kurma ko makauniya a cikin masu tsara taron, ba sai an yi ta kintace ba. Kuma hanyar samunsu ba ɓoyayya ba ce. Garuruwa da yawa suna da sarkin makafi da sarkin guragu, akwai ƙungiyoyin kurame, akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1953.

Abin da ya fi matattakala wuyar gyara shi ne tausayi. Yakan faru a gayyato naƙasasshe ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, ya karanta waƙa, a yi tafi, wani babban baƙo ya share hawaye ya miƙa ambulan, shi ke nan sai baɗi. Babu wanda zai gaya masa amsa-amon baiti na huɗu ya karye, ko labarin ya yi tsawo. A zaman marubuta kuwa suka ita ce girmamawa, domin wanda aka ɗauka abokin sana'a shi ake gyara wa. Masana ba don makanta suke nazarin Imfiraji ba, don ƙarfin ma'ana da tsarin baitocinta ne. Haka kuma bai kamata a tilasta wa naƙasasshe ya riƙa rubutu kan naƙasa kaɗai ba. Makauniya na iya rubuta labarin soyayya ko na kishiya ko na siyasar ƙaramar hukuma, kuma kurman da ya ba da tatsuniya da hannu a gaban kyamarar waya adabi ya yi, ko da bai rubuta harafi ɗaya ba.

Kayan aikin suna nan a kowace unguwa: shagon fotokwafi, waya mai naɗar murya, da ajin firamare da ke zama fanko ranar Asabar da yamma, wanda galibi a ƙasa yake.